Sharhina kan motar tafi-da-gidanka bayan hunturun da mukai a saharar Arizona

Salamu alaikum jama'a. Tunda na ajiye aikin tuƙin bas a Minneapolis ta jihar Minnesota 'yan uwa suke ta tambayata wai da gaske mun sayi motar tafi-da-gidanka, wadda nan Amurka ake cewa RV, mun gudu kudu da ita lokacin sanyi, kuma wai me mutum yake yi tun safe har dare a cikin mota a tsakiyar sahara. To ga sharhin da nai alkawari. A taƙaice dai kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma ba don yawon buɗe ido ba, don ta dawo mana da abubuwan da ni da Hajiya muka rasa tunda muka yi ritaya, wato abun yi in gari ya waye da kuma maƙwabtan da za ka leƙa ku gaisa.

Duk wanda ya san hunturun Minnesota ya san abun da nake nufi, tun wajen ƙarfe 4 da rabi na yamma rana ta faɗi, ƙanƙara ko'ina, tsoho yana tsoron fita kar santsi ya kwashe shi ya karye, sai ka wuni daga kujera sai talabijin sai waya, yara kowa na gidansa da aikinsa. Wallahi wannan zaman yana cin mutum a hankali ba tare da ya sani ba.

Motar ta hannu muka saya, irin wadda suke kira Class C ɗinnan mai gado a saman kan direba, injin Ford, tsawonta wajen ƙafa 25. Lasin ɗin mota na yau da kullum ya isa ka tuƙa ta. A ciki akwai gado, teburin cin abinci, murhun gas, firiji, banɗaki da wurin wanka ɗan mitsitsi, sai janareta. Shan mai kam ba a magana, galan ɗaya bai wuce ya kai ka mil 8 zuwa 10 ba, shi yasa masu irinta ba sa yawo da ita kullum, wuri ɗaya suke samu su kafe. Mun tashi a Disamba bututunta cike da ruwan hodar nan na hana daskarewa, bamu zuba ruwan sha a tanki ba sai da muka shiga Texas, don in ka zuba tun daga arewa bututu zai fashe maka a hanya.

Inda muka sauka Quartzsite ake ce masa, ɗan ƙaramin gari ne a Arizona inda babbar hanya I-10 ta haɗu da hanya ta 95, mazauna garin na dindindin ba su kai 3,000 ba saboda da bazara zafin wurin ya wuce digiri 40, amma daga Nuwamba zuwa Maris sai ka ga motoci fari fat iya ganinka, 'yan fansho daga Kanada da jihohin arewa. Cin rani ne sosai, sai dai su ba kuɗi suka fito nema ba, hantsi suka fito sha. A kudancin garin akwai fili mai suna La Posa na hukumar filayen gwamnatin tarayya BLM, a hunturun 2023 zuwa 2024 da muka je dala 180 muka biya takardar zama, kuma tana aiki daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu, ta sati biyu kuma dala 40 ce a lokacin. Ku duba farashi kafin ku tashi don tun a lokacin ana ta maganar za a ƙara. Da wannan kuɗin kana da famfon ɗiban ruwa da wurin zubar da ruwan banɗaki da bola, amma fa babu wutar lantarki, babu shinge, babu wanda zai nuna maka ga wurinka, duk inda yai maka ka tsaya. Kar dai ka tsaya a cikin kwari ko da ka gan shi a bushe, in akai ruwa a kan duwatsu nan take yake cika.

Yanzu ga amsar tambayar taku. Rabin wunin motar ce da kanta take cinye shi, kuma ni wannan ne ya fi yi min daɗi. Ana idar da asuba zan duba batir nawa ya rage, in rana ta ɗaga in fito da faifan sola in juya shi wajen hantsi, in goge ƙurar da ta kwanta a kai, in duba gas, in duba tankin ruwa. Tankinmu galan 40 ne, kuma mu masu alwala sau biyar da tsarki da ruwa dole lissafinmu ya bambanta da na maƙwabta, sai muka koma buta, alwala a waje kan tsakuwa don kar tankin ruwan datti ya cika da wuri, wanka kuma ka jiƙa jiki ka kashe famfo ka saɓa sabulu sannan ka ɗauraye. Alƙibla a can arewa maso gabas take, duk sanda na motsa motar sai na sake dubawa a waya, daga baya na jera 'yan duwatsu a gefen mota na share wurin ya zama masallacinmu.

Ranar zubar da tanki kuwa rana ce guda. Ka naɗe rumfa, ka ɗaure duk abun da zai iya faɗowa, ka tuƙa zuwa La Posa ta kudu ka shiga layi, a watan Janairu layin yana iya cinye maka safiya gaba ɗaya. Amma a layin nan na san yawancin mutanen da na sani, kowa ya kashe mota ya fito da kofin kofi ana hira, wannan tsohon soja ne, wancan manomin alkama daga Saskatchewan ta Kanada, waccan malamar makaranta ce mijinta ya rasu ta ci gaba da zuwa ita kaɗai. Da layi yazo kanka sai ka sa safar hannu ka jona ƙaton tiyo, ka fara buɗe na banɗaki sannan na ruwan wanka ya wanke tiyon. Wanda yake da ƙyanƙyami ya yi tunani tun kafin ya sayi motar, don ba wanda zai yi maka wannan aikin.

Matsala mun samu, ba zan ɓoye ba. Dillalin da ya sayar mana ya rantse komai sabo ya saka, ashe batiran tsofaffi ne, hita kuma duk da gas take ci fankarta batir take ja, dare a sahara kuma sanyi ne na gaske wani lokacin har kusan ƙanƙara, sai cikin dare komai ya ɗauke. Bayan nan famfon ruwa ya mutu. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya haura shekara 80, tsohon makanikin jirgin ruwa, ya ganni a durƙushe gindin gado ina laluben famfon, bai ce komai ba ya koma motarsa ya ɗauko akwatin kayan aiki da ɗan kilishin kwanciya, ya kwanta a ƙasa da tocila a bakinsa, hannunsa na rawa amma ya san kowace waya, ya gano fis ne da wata waya da tai tsatsa. Na kawo kuɗi ya ɓata rai. Washegari Hajiya tai ƙosai na kai masa da zafinsa, tun daga ranar duk Asabar sai mun ji ƙwanƙwasa ƙofa.

Sauran wunin kowa da abun da ya sa a gaba. Akwai masu yawon tsintar duwatsu, garin ma da kasuwar duwatsu masu daraja yai suna, akwai masu bin daji da na'urar neman zinariya wajen Dome Rock, masu ƙananan motocin daji, masu rediyon oba-oba da suke taronsu duk Janairu, masu kiɗa da rawa a zauren gari. A Janairun ne kuma ake kafa ƙaton tanti na baje kolin kayan RV, ga kasuwar Tyson Wells ta kayan gwanjo inda za ka wuni baka gama zagawa ba. Hajiya ta shiga cikin matan da suke haɗa bargo da ƙyallaye suna bayarwa sadaka, ita kuma ta koya musu saƙar hula, rabon da in ga tana ɗokin fita haka tun tana aiki. Ni tafiyar ƙasa na riƙe, duk safiya tare da wasu dattawa biyu, har mukaje Palm Canyon a dajin Kofa inda wasu bishiyoyi masu kama da giginya suka fito a tsagin dutse. Ku sa takalmi mai kauri, akwai wata ƙaya cholla da in ta kama ka sai da matsefi ake cire ta.

Abun da ya fi taɓa min zuciya a garin kabarin Hajji Ali ne, su suna ce masa Hi Jolly. Mai kiwon raƙuma ne da sojan Amurka suka ɗauko daga ƙasashen daular Usmaniyya a 1856 lokacin da suka gwada amfani da raƙuma a sahara, shirin ya watse shi kuma ya zauna har ya rasu a Quartzsite a 1902, aka gina masa ɗan dala na duwatsu da hoton raƙumi a sama. Mun tsaya mun yi masa addu'a, ina ta tunanin yadda ya rayu shi kaɗai a wannan wurin shekaru ɗari da wani abu da suka wuce.

Ga Musulmi akwai abubuwan da sai an shirya. Naman halal daga Phoenix muke sayowa, wajen mil 125, kuma firizar motar ƙarama ce. Juma'a sai Yuma, wajen mil 80 kudu, to ba kowane sati ake samun zuwa ba, in mun je mukan haɗa da cefane, wasu kuma daga nan suke tsallakawa Los Algodones a Meziko da ƙafa don ganin likitan haƙori da yin tabarau saboda sauƙin kuɗi, fasfo dai dole. Da la'asar kuma al'adarsu ce a jera kujeru a hura wuta kowa da abun shansa, wasu giya ce, mu butar shayi muke ɗauka da citta da kanumfari, ba wanda ya taɓa matsa mana, da magariba ta yi mu tashi. Karnuka kam kusan kowace mota akwai, sai ka riƙa naɗe darduma.

Ba kowa ne yazo hutu ba fa, wannan ya kamata a faɗa. Akwai tsofaffin da suke kwana a ƙananan motoci don fanshonsu bai isa kuɗin haya ba, za ka gansu a layin abincin da coci-coci ke rabawa, wasu ba su da kowa. Duk sanda muka dafa tuwo ko shinkafa da yawa mukan zuba wa wata baiwar Allah da ke bayanmu.

To wa zan ba shawara ya gwada? Wanda yake da sauran ƙarfin hawa da sauka da ɗaukar jarkar ruwa, kuma suna zaman lafiya da iyalinsa, don ɗaki ɗaya ne ba inda za ka shiga ka huce. Mai ciwon da yake buƙatar likita akai-akai ya yi shawara da likitansa tukuna, babban asibiti sai Parker ko Blythe, mai asma kuma ya sani akwai ranakun iska da ƙura da ko ƙofa ba a buɗewa. Intanet na waya yana ja sosai a Janairu in jama'a suka cika, shi yasa da yawa suka koma Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam. In za ku saya ku samu mai duba RV na daban ya hau rufin ya duba yoyo, ya gwada batir da firiji da shekarun tayoyi, kar ku tsaya ga maganar dillali. Mu mun tattara a farkon Maris kafin azumi da kafin macizai su fara fitowa, kuma bana in Allah Ya kai mu da ƙarin faifan sola da batir lithium zamu koma.