Bayan Tiyatar Sakoma: Wane Hoto Ya Cancanci Kuɗinka?

An cire ƙarin, rauni ya warke, sai likita ya ce ka riƙa dawowa ana duba ka. Ga mai sakoma, wato dajin da ke tsirowa a tsoka, kitse ko jijiya, abu biyu ake fako: ko ciwon ya dawo inda aka cire shi, ko ya ɓulla a huhu, don can ya fi yawan zuwa. Mafi yawan dawowar tana faruwa ne cikin shekara 2 zuwa 3 na farko. Shi ya sa a lokacin ake kiran mai nau'in ciwon da ke saurin yaɗuwa duk wata 3 ko 4, daga baya sau biyu a shekara har shekara ta 5, sannan sau ɗaya.

A kan huhu aljihu ya fi jin jiki. Hoton ƙirji na yau da kullum yana da araha, ana samunsa har a babban asibitin ƙaramar hukuma. CT kuwa, hoton na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, sai manyan asibitoci, irin su Malam Aminu Kano ko asibitin koyarwa na Shika, ko masu zaman kansu, kuma kuɗinsa ya ninka sau da yawa, ban da kuɗin mota da kwana. Ya fi ido, babu musu. Yana kama ƙwayar da hoton ƙirji ba zai gani ba. Amma gani da wuri yana ƙara kwana? Asibitin Tata Memorial da ke Mumbai a Indiya ya gwada wannan a kan mutum 500 da aka yi wa tiyatar sakoma a hannu ko ƙafa, aka fitar da sakamako a 2014. Waɗanda aka bi da hoton ƙirji ba su gaza masu CT ba wajen tsawon rai.

Kaifin idon CT ma yana da nasa sharrin. A ƙasar da tarin fuka ya bar wa mutane da yawa tabo a huhu, yakan nuna ɗigon da ba daji ba ne, a kwana da fargaba, a sake biyan wani hoton bayan wata 3. Ga turirin radiyeshin da yake zuba wa jiki, wanda ya kai na hoton ƙirji kusan 70. Ga matashin da zai shekara 10 ana bibiyarsa, wannan abin lissafi ne.

Wurin da aka yi tiyatar kuma, MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, shi ne sarki, ba shi da wancan turirin, sai dai tsada da dogon layi, kuma a duba ƙoda kafin allurarsa. Sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki ya fi sauƙi, yana aiki idan ƙarin na kusa da fata kuma mai dubawar ya ƙware. Abin da ya fi burge ni a binciken na Indiya shi ne, mafi yawan dawowar ciwo a wurin tiyata marasa lafiyar ne suka fara ji da hannunsu. A nemi likita ya koya maka yadda za ka riƙa lalube wurin.

Akwai inda tsimi ba ya biya. Idan ƙarin a cikin ciki yake ko ƙugu, hannu ba ya kaiwa, sai CT ko MRI. Haka idan yana da zurfi, ko gashin daji da aka yi da na'ura ya sa wurin ya yi tauri. Nau'in dajin kitse da ake kira "myxoid liposarcoma" yakan tsallake huhu ya sauka a ƙashin baya, don haka a tambayi ainihin sunan da ke takardar gwajin nama. PET kuwa, hoton da ke neman daji a duk jiki, ba na bibiyar yau da kullum ba ne.

Ni dai da za a tambaye ni game da ƙari a cinya, zan zaɓi hoton ƙirjin da iyali za su iya biya ba fashi, a ajiye kuɗin CT don ranar da aka ga abin shakka. A kuma adana tsofaffin hotuna a jaka ɗaya, domin da su likita zai gwada sabon.