Wane ƙamus ya dace da mai buga Scrabble?

Yawancin rigimar da ke tashi a teburin Scrabble, wasan haɗa kalmomi da haruffa, a kan abu ɗaya ne. Wani ya ajiye ZO, abokin karawarsa ya ce ba Turanci ba ne, sai a ɗauko ƙamusun makaranta a duba, a rasa. Alhali ZO halastacciyar kalma ce a gasa, sunan wata dabba ce ta yankin Tibet, dangin saniya. Don haka kafin ka zaro kuɗinka, fara sanin littafin da ke yanke hukunci a inda kake wasa.

A Najeriya, da Ghana, da Ingila, da gasar duniya, alƙalin shi ne Collins Scrabble Words. Da shi Wellington Jighere ya ci kofin duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. Bugun 2019 na ɗauke da kalmomi 279,496, daga masu harafi 2 zuwa masu harafi 15. An sake fitar da shi a 2021, inda aka cire wasu kalmomin cin mutunci, sannan aka yi sabon bugu a 2024. Duba shekarar bugu da kyau idan na hannu za ka saya. Wanda ya ɗauki na 2015 ba zai ga OK da EW da ZE ba, don sai a 2019 suka shigo.

Inda gizo ke saƙa shi ne, Collins yana da littattafai iri biyu, kuma bangonsu kan rikita mai saye. Ɗaya jerin kalmomi ne zalla, babu ma'ana ko ɗaya, aikinsa raba gardama kawai. Ɗayan yana ba da gajeriyar ma'ana, 'yan kalmomi kaɗan. Buɗe tsakiyar littafin a gaban mai shago kafin ku yi ciniki. Ni dai na biyun nake ba mai koyo shawara ya ɗauka, domin kalmar da ka san ma'anarta ta fi zama a kai, kuma ma'anar ce za ta nuna maka ko suna ce ko aikatau, ko za a iya liƙa mata S ko ED a ƙarshe. Akwai masu haddar tsuran haruffa, ba ruwansu da ma'ana. Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Faransanci a 2015 ba tare da yana jin harshen ba. Amma irinsa nawa ne?

Ga kuma wata garaɓasa da Bahaushe ke samu idan ya bi ta ma'ana. Harafin Q maki 10 ne, kuma yakan maƙale wa mutum a hannu idan babu U. To QADI alƙali ne, QIBLA alƙibla, NIQAB niƙabi, TALAQ saki, SUQ kasuwa. Abin da Bature ke fama ya haddace, kai tun a makarantar Islamiyya ka ji asalinsa. NAIRA da KOBO ma duk suna ciki.

Na Amurka kuwa, wato Official Scrabble Players Dictionary na kamfanin Merriam-Webster, ya fara fitowa a 1978, bugu na bakwai kuma a 2022. Littafi ne mai daɗin riƙewa, da ma'ana a gaban kalmomi, amma an yi shi ne don 'yan Amurka da Kanada. Kalmominsa ba su kai na Collins yawa ba, kuma ya fi mayar da hankali kan waɗanda ba su wuce harafi 8 ba. Babu ZO a ciki, babu CH. Idan wasan gida ne da iyali, ya wadatar. Idan kana da niyyar shiga gasa a nan, kuɗinka ya tafi a banza.

Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda kusan kowane ɗalibin sakandare ya sani, shi ya fi su duka bayani: furuci, misali a jimla, da yadda ake amfani da kalma. Amma kada a ɗora masa alƙalanci, don kalmomin da ake cin wasa da su irin su XU, kuɗin Biyetnam, ba hurumin ƙamusun mai koyo ba ne. Mai buga Wordle kuwa, wasan cankar kalma a intanet, wannan ya ishe shi, tunda kalmomin yau da kullum ne masu harafi 5. Ya dai tuna rubutun Amurka ake bi, COLOR ba COLOUR ba.

Akwai kuma waɗanda ba a biyan ko kwabo. Zyzzyva manhaja ce ta kwamfuta da ke hargitsa haruffa ta ce ka nemo kalma, Woogles kuma ana buga wasa kyauta a intanet, kana iya zaɓar jerin Collins. Words With Friends, wani wasan waya mai kama da Scrabble, nasa jerin daban ne, kada ka dogara da abin da ya karɓa.

Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi Oxford ko da na hannu ne, ya nemi jerin Collins a manhaja. Mai hali ya ƙara da Collins mai ma'ana, sabon bugu. Ko wanne ka ɗauka, fara da kalmomi masu harafi 2, waɗanda a Collins sun ɗan haura 120, kafin ka taɓa masu harafi 7 da ke kawo ƙarin maki 50 idan ka ajiye duk haruffan hannunka lokaci guda.