Witcher 3 ko Cyberpunk a PS4: ga abin da zan saya

Ɗan uwa, tunda kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka kuma na'urar wasa ta PS4 (PlayStation 4) gare ka, kana tambayar wanne za ka saya tsakanin wasannin The Witcher 3 da Cyberpunk 2077, ɗauki The Witcher 3. Duka biyun kamfani ɗaya ya yi su, CD Projekt Red na ƙasar Poland, amma inda aka ajiye maka kyamara ya raba su nesa ba kusa ba.

A Witcher kana bayan jarumin wasan, Geralt, ne, kana kallonsa tun daga keya har dugadugi. Takubba biyu a gadon bayansa, na ƙarfe don mutane, na azurfa don dodanni. Gemunsa ma tsiro yake yi in ka daɗe kana yawo, sai ka kai shi wajen wanzami. Ka ga kuwa mutumin da kake kallon gemunsa yana fitowa, dole ka saba da shi kamar maƙwabci. Abin da na lura da shi a kaina shi ne, duk lokacin da aka ba ni zaɓi, tambayar da nake yi wa kaina ita ce: shi Geralt me zai yi a nan? Ina tausaya masa, ina jin haushinsa wani lokacin, amma ban taɓa ɗaukar cewa ni ne shi ba.

Ba zan manta daren da na isa labarin Baron a yankin Velen ba, mashayin nan da ya addabi iyalinsa da duka har matarsa Anna da 'yarsa Tamara suka gudu. Ƙanena da abokinsa suna zaune a bayana, wai sun shigo cajin waya ne. Sai ga su sun ajiye wayoyin suna musu, wannan na cewa a taimaki tsohon tunda ya yi nadama, wancan na cewa Allah ya ƙara, shi ya ja wa kansa. Muka kai ƙarfe biyu na dare, shayin da na haɗa ya huce ban kurɓa ba. Wasan da ake ganin jarumi daga baya haka yake, na gefe ma yana cin moriyarsa kamar fim. Ga sauƙin faɗa: kana ganin kyarkecin da ya zagayo ta bayanka, ka mirgina ka kauce.

Shi kuwa Cyberpunk 2077, ta cikin idon jarumin wasan, V, kake ganin komai. Na ɓata kusan awa guda ina gyara masa hanci da aski da zane a fuska, ana fara wasa sai hannaye biyu da bindiga kawai nake gani. Sai na tsaya gaban madubi ko na hau babur nake tuna kamanninsa. In za a faɗi gaskiya, idan Johnny Silverhand, abokin tafiyar V a labarin, ya tsura maka ido yana magana, za ka ji da kai yake, kuma masu son haka ba sa yarda a kushe shi. Ni dai bayan rabin awa jiri ke ɗibata, har da tashin zuciya, ƙanena kuwa minti goma bai yi ba ya tashi. Sannan kar ka manta wasan ya fi ƙarfin tsohuwar PS4: a Disambar 2020 Sony ta cire shi daga shagonta na intanet ta mayar wa mutane kuɗinsu, sai Yunin 2021 ya dawo. Ƙarin labarinsa na 2023, Phantom Liberty, bai ma fito a PS4 ba. Witcher tun 2015 yake gudu lafiya lau a kanta.

In kana so ka gane irin kallon da jikinka ke ɗauka, ari wasan Skyrim wajen wani. Danna sandar dama ta abin sarrafa wasan kawai zai sauya maka tsakanin kallon biyu. Shiga kogo ta cikin ido na minti ashirin, kanka zai ba ka amsa.

Sai batun masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Nemi bugun Witcher da ke ɗauke da ƙarin labaransa biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine, a cikin faifan, kuma ka buɗe kwalin a gabansa ka karanta rubutun jikin faifan, don an taɓa sa min tsohon bugu a kwalin sabo. Wanda ya ce zai loda maka ta asusunsa a kan rabin kuɗi, gaishe shi ka wuce. Ranar da ya cire na'urarka daga asusun ya canza lambar sirri, wasan ya rufe ke nan, wayarsa kuma ba za ta ƙara shiga ba. A saka faifan a na'ura ka ga ya tashi kafin ka miƙa ko sisi.

Witcher da Cyberpunk duka na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, akwai tsiraici a wasu wurare, don haka bari sai yara sun yi barci kafin ka kunna.