Shekara guda ina zanen birni a kan takardar Pastelmat

Wanda bai taɓa riƙe fastel ba yakan ɗauka allin makaranta ne aka rina. Garin launi ne zalla, aka cuɗa shi da ɗan ƙaro don ya dunƙule ya zama sanda. In ka goga shi a takarda ba ya nutsewa kamar fenti, a sama yake zama, shi ya sa launinsa ke da rai haka, shi ya sa kuma takardar da za ta riƙe shi take da muhimmanci kamar sandar kanta. Na daɗe ina zanen tituna, rufin gidaje da duwatsu kafin wannan ya zauna mini a kai. Yau shekara guda ke nan da na koma aiki da Pastelmat, wadda kamfanin Clairefontaine na Faransa ke yi.

Abin da ya kai ni gare ta wata gada ce. Kwana 3 na yi ina zana ta a kan takardar da na saba da ita, da fitilunta da inuwarsu a cikin kogi bayan faɗuwar rana. Da na kai hawa na 4 na launi a kan launi, takardar ta ƙoshi, duk abin da na ɗora sai ya zame ya cakuɗe da na ƙasa. Na ɗauko feshin nan da ake yi don ya kama gari, na fesa. Kafin ya bushe ina kallo ruwan ɗorawar fitilun ya dushe, ya koma kamar tsohuwar tagulla. Zanen yana nan a aljihun tebur, har yau ban nuna wa kowa ba.

Ranar da na fara taɓa Pastelmat na yi shakka, domin fuskarta laushi gare ta kamar karammiski. Na ce wannan me za ta riƙe? Ashe siraran zaruruwan tsiro ne aka shimfiɗa a kan kwali mai kauri, nauyin giram 360 a kowace murabba'in mita, kuma su ne ke cafke garin. Ba ta cin yatsa irin yadda takarda mai yashi ke yi wa mai yawan murza launi. A cikin kundin, kowane falle yana da siririyar takarda mai santsi a kansa, wadda nake rufe zanen da ita in na gama.

Inda ta burge ni sosai shi ne zanen titi bayan ruwan sama. Na zaɓi falle mai launin gawayi. Da fastel mai tauri na fara jan layukan benaye da sandunan fitila, sannan na shimfiɗa shuɗi mai duhu da shunayya a kan kwalta. A kansu na ja jan fitilun bayan motoci, dogaye zuwa ƙasa, kamar yadda jiƙaƙƙen titi ke miƙar da haske. Na ƙirga hawa 7, takardar ba ta ce ta ƙoshi ba. Daga ƙarshe na ɗauko sanda mafi laushi da nake da ita, ruwan ɗorawa mai kusan fari, na danna sau ɗaya a tagar wani bene, na ɗaga hannu. Hasken ya tsaya tsaf a kan duhun, gefensa a yanke, ko ɗigon shuɗin ƙasa bai shige shi ba. Na daɗe a tsaye ina kallon wannan ƴar taga. Mai zanen birnin dare duk wahalarsa a kan wannan take: haske ya zo a ƙarshe, kuma ya zo da tsabtarsa. Ban yi feshi ba, kuma tun daga ranar ban sake buƙatarsa ba.

Launin takardar ma ya sauya mini tunani. James Whistler, wani mai zane ɗan Amurka, ya je birnin Venis na Italiya a 1879, ya zauna fiye da shekara guda, ya yi ta zanen lunguna da magudanan birnin da fastel a kan takarda mai ruwan ƙasa. In ka dubi waɗannan zane-zane za ka ga yawancin bango takardar ce tsirara, launi ƴan ɗigo ne kawai a ƙofa, a taga, a tufafin da aka shanya. Na san haka tun tuni, amma hannuna ba ya yarda ya bar fili. Da na sami falle mai ruwan toka wanda shi kansa ya yi kama da siminti, sai na fara bari. Zanena na tsofaffin unguwanni ya sami numfashi.

Akwai abin da sabon shiga ya kamata ya sani. Saboda ƙarfin riƙon Pastelmat, hawan farko ba ya bajewa da yatsa. Inda ka ajiye shi nan yake zama. Sararin samaniya, wanda ke son launi ya narke cikin launi, sai ka tara hawa 3 ko 4 tukuna ya fara biyayya. Makonnin farko na ɗan sha wuya da wannan, don na saba murzawa tun daga farko. Yanzu na fi son haka, domin yana sa ni tunani kafin in sauke hannu.

A waje kuma, wajen zanen tsaunuka da gonaki, amfaninta a bayyane yake. Nakan manne ta a allo da salatif, in shafa manyan launuka, in bi su da jiƙaƙƙen burushi, ta jure ruwan, ta bushe, in ci gaba a kai. Garin da ke zuba kaɗan ne, iska ba ta kwashe mini aiki. Hasken yamma ba ya jiran kowa, cikin rabin awa inuwar dutse ta koma wani wuri, don haka takardar da ke karɓar launi a bugu ɗaya ba ƙaramin taimako ba ce.

Duk da haka fastel fastel ne. In za ka sa shi a firem, ka bar tazara tsakaninsa da gilashi, kuma kada ka kifa shi a mota.

Ga mai zanen fuska ko dabbobi ba ni da ta cewa, ba fannina ba ne. Amma mai zanen birni da daji wanda ke gina aikinsa hawa-hawa daga duhu zuwa haske, ina ba shi shawarar ya gwada ƙaramin kundi mai santimita 24 da 30, ya fara da falle mai duhu. Ni kam na sayo babban falle mai 50 da 70, launin gawayi, na manne shi a allo tun jiya. Layukan gadar nan na riga na ja su, saura fitilun.