Manhajar Sutudiyo: Wacce Za Ka Saya Idan Ka San Kowacce Tana Da Tangarɗa?

Wata Laraba da daddare muna ɗaukar waƙar biki a wani ƙaramin sutudiyo a Zoo Road, ango yana jiran kayansa ranar Juma'a. Mawaƙin ya shiga baiti na uku, muryarsa ta buɗe yadda ake so, sai allon kwamfuta ya daskare. Ya cire abin kunne ya leƙo ta gilashi: "Oga, an ɗauka kuwa?" Ba a ɗauka ba. Na aika wa masu manhajar koke, suka ce sun san da matsalar. An sabunta ta sau biyu bayan nan, matsalar tana nan daram.

Tun daga ranar na daina tambayar wace manhaja ce ba ta da tangarɗa, don babu ita. Abin da nake tambaya shi ne: idan gyara ya ƙi zuwa, wace hanya manhajar ta bar mini in gama aikin mutane?

FL Studio, ta kamfanin Image-Line da ke Beljiyam, ita ce ta fi shiga hannun matasa masu haɗa kiɗa. Babban abin da ya sa nake yaba mata shi ne sau ɗaya ake biya, duk sabuntawar da ta biyo baya kyauta ce har abada. Ko gyaran ya ɗauki shekara biyu, ranar da ya fito ba za a ce ka kawo ko sisi ba. Sai dai ka kula da abu biyu. Nau'inta mafi araha, Fruity, ba ya ɗaukar murya, sai daga nau'in Producer zuwa sama. Sannan aikin da ka ajiye a sabon fitowa ba lallai tsohon ya buɗe shi ba, don haka kada ka sabunta kana tsakiyar aiki.

Cubase ta Steinberg, kamfanin Jamus da ke ƙarƙashin Yamaha, tana nan tun 1989, kuma da ita yawancin manyanmu suka koyi ɗaukar murya. Wajen gyaran murya da jera amshi, hannu yana sakewa a cikinta. Ƙananan gyare-gyare kyauta ne, amma babban fitowa na kuɗi ne, kuma galibi da sabo ya fito sai hankali ya bar kan tsoho. Wato gyaran da kake jira yana iya zuwa a cikin abin da sai ka sake biya, da dala. Amma tana bari ka ajiye tsoho da sabo a kwamfuta ɗaya, kuma za ka iya tayar da ita ba tare da fulogin na waje ba, wato ƙananan manhajojin sauti da ake ƙara mata, don ka gano mai laifin. Tun Cubase 12 a 2022 aka daina buƙatar ɗan makullin lasisi da ake soka wa kwamfuta ta USB. Tun Cubase 9 kuma aka daina karɓar tsofaffin fulogin masu bit 32, to wanda ya saba da Cubase 5 ta 2009 ya fara duba kayan aikinsa kafin ya yi tsalle.

Wadda na fi ba wa mai ƙaramin sutudiyo shawara a kai ita ce REAPER, ta kamfanin Cockos. Dala 60 ce ga mai amfanin kansa ko wanda cinikinsa bai wuce dala 20,000 a shekara ba, dala 225 ga wanda cinikinsa ya wuce haka, kuma akwai kwana 60 na gwaji ba a rage mata komai ba. Ƙarama ce, saukar da ita ba ya cinye data, gyara yana fitowa a kai a kai, tsofaffin fitowa kuma suna nan idan sabon ya ba ka ciwon kai. Abin da ya fi burge ni: za ka iya ware fulogin mai rigima ya yi aiki shi kaɗai a gefe, idan ya faɗi ba zai ja dukan aikin ƙasa ba. Aikin da ya ƙi buɗewa ma ana iya buɗe shi da fulogin a kashe. Nakasunta, ba ta zuwa da tarin sautukan kiɗa, kuma makon farko sai ka yi haƙuri da fuskarta.

Audacity kyauta ce, ta isa ga mai tace wa'azi, karatu ko shirin rediyo. Ban ba ta waƙa mai layuka da yawa na murya da kiɗa ba. Ka sani dai tun fitowa ta 3 a 2021 ta canza tsarin fayil, tsohuwa ba ta buɗe na sabuwa.

Sai maganar da ba a so a yi: kirak, wato kwafin manhaja da aka fasa don a yi amfani da shi ba biya, wanda ake zuba wa mutum tare da kwamfuta 'yar gwanjo. Na san tsadar dala, ban raina uzurin kowa ba. Amma mai kirak ba shi da wanda zai kai wa kuka, ba ya samun gyara, kuma ba zai taɓa sanin ko matsalar daga manhajar take ko daga wanda ya fasa ta ba.

Kafin ka biya, yi gwaji a kwamfutarka da sawun kad ɗinka, wato na'urar da ke shigar da sauti kwamfuta da fitar da shi, da rana tsaka lokacin zafi, ba a ta abokinka ba. Sau da yawa ƙarar ƙas-ƙas da ake ɗora wa manhaja daga direban ASIO take, wato 'yar manhajar da ke haɗa sawun kad da manhajar sutudiyo, ko ƙurar hunturu ta toshe fanka. Kunna ajiyar kai-tsaye duk minti biyar saboda ɗaukewar wuta. Idan ka sami fitowar da ta zauna lafiya, adana ta a filash. Kowace waƙa kuma, kafin ka tashi, fitar da layukanta ɗaya-ɗaya a WAV, tsarin fayil ɗin sauti da duk manhajojin nan ke buɗewa, don idan manhajarka ta ƙi buɗewa ranar Alhamis, ka ɗauki filash ka tsallaka sutudiyon maƙwabci.