Kwanson roba na ajiye tsofaffin kuɗi, bayan wata takwas

Tsabar da na gada wajen kakata ba ta da yawa: dalar azurfa uku masu kan Mariya Tareza, tsohuwar sarauniyar Ostiriya, kwabbai masu huji na zamanin Ingilishi da suka shigo mana ta Jibiya, anini guda, sai 'yan tamma-tamma na 1948 marasa nauyi kamar murfin kwalba. Shekara da shekaru suna cikin gwangwanin madara suna gogar juna. Na ce bari in kyautata musu, na sayo wani kundi mai aljihunan leda mai laushi. Ashe gyaran gangar auzinawa na yi. Bazara guda ta Maraɗi ta ishe shi: ledar ta yi zufa, wani kore mai danƙo ya kama kwabbaina biyu. Irin ledar nan ce da ake kira PVC, in ta sha zafi sai ta saki maiƙon da ke sa ta laushi, shi kuma ya ci ƙarfe. Da wari ake gane ta, kamar na sabon takalmin roba.

Bayan nan ne na samu kwanson a wani shago kusa da babbar kasuwa. Roba ce mai tauri, garau kamar gilashi, marfi da gindi, kowane kuɗi da ɗakinsa. Hunturun bana ƙura ta rufe akwatin da suke ciki har ana rubutu da yatsa a kansa, amma cikin kwanson ko ɗigo. Wannan shi ne abin da na biya kuɗi dominsa, don ƙurar nan yashi ce, in ka share ta da tsumma kai da kanka ka karce fuskar kuɗin.

Aibin kwanson awo. Dala tana son kwanso na wajen milimita 40, mai shagon kuwa da ido yake auna. "Alhaji, wannan zai shiga," in ji shi. Ya shiga, amma yana ƙwal-ƙwal a ciki, kuma kuɗin da ke motsi gogewa yake. Sai da na koma sau biyu. Buɗewa ma sai da farce da haƙuri. Kada ka sa wuƙa, kuma ka buɗe bisa darduma, ba bisa siminti ba.

Yaron shagon ya so ya burge ni, wai ya wanke mini dalar da toka da lemun tsami ta yi ƙyalli. Na ce a'a ƙanena, wannan baƙin shi ne shaidar shekarunta. Ya ga 1780 a jiki ya zaro ido, bai san duk wadda aka sake bugawa daga baya wannan shekarar take ɗauke da ita ba. Na karɓe ta ta gefe da yatsu biyu, don shatin yatsa a fuskar azurfa zama yake yi.

Na ƙara sayen kwanso goma. Na anini ne har yanzu bai kawo ba, yana nan naɗe cikin takarda.