Zuwa Badun da mota: ta Lokoja ko ta Jebba?

Malam ka bi ta Lokoja kawai, kar ka wahalar da kanka da dogon lissafi. Tunda daga nan ƙasar Ringim za ka taso da iyali a motarka zuwa Badun, ba shanu ka ɗauko ba balle ka ce sauri kake kar kasuwa ta tashi, to ka bi inda yara za su ga ƙasa.

Ka fita bayan sallar asuba, Kano, Zariya, Kaduna, kana wuce Tafa kafin ka kai Zuba za ka hango Dutsen Zuma tsaye a gefen titi, shi ne dai wanda ke jikin tsohuwar naira 100, ka ciro takardar ka miƙa wa yara su gwada da idonsu. Daga Gwagwalada zuwa Abaji ƙasa ta fara canzawa, ja da bishiyoyi da tulin doya a bakin hanya, sai gadar Murtala Mohammed wajen Koton Karfe inda za ka haye kogin Kwara, mu da muka saba da kogin Haɗeja wallahi sai ka yi shiru. A Lokoja ka kwana, kar ka ce za ka zarce. Nan ne Kwara da Binuwai suka haɗu, in ka hau Dutsen Patti da safe za ka ga mahaɗar a ƙasanka. Kuma mu mutanen ƙasar Kano muna da kabari a garin, Sarki Alu da Turawa suka kama bayan cin Kano a 1903 a can ya ƙare rayuwarsa a 1926, ka tambayi mutanen unguwar Kabawa za su nuna maka, ka yi masa addu'a ka wuce.

Ni abin da ya sa hanyar nan ta shiga raina ma ba duwatsun ba ne. Golf ɗita ta taɓa tsinka fanbel a hawan Okene, rana tsaka, ga maiɗakina ga yara suna kuka, ban san kowa ba. Wata dattijuwa 'yar Igbira mai sayar da lemo ta fito da benci ta zaunar da su a inuwa, ba ta jin Hausa mu ba ma jin nasu, da hannu aka yi ta magana, ta tura jikanta a kan babur ya ɗauko bakanike daga cikin gari. Mutumin ya gyara, ya zuba ruwa a lagireto, ya karɓi kuɗin fanbel kaɗai, na yi na yi ya karɓi na aiki ya ce a'a baƙo ne ni. Ita kuwa har lemo ta cika wa yara a leda. Har yau in ana zagin mutanen wancan yanki a majalisa ba na sa baki.

Daga nan Owo, Akure, Ilesha, Ife, sai Badun. In da sauran rana akwai ruwan Erin Ijesha da ke zubowa daga kan dutse kafin Ilesha, ratse kaɗan ne daga titi.

Ta Jebba kuwa, to, ta fi kusa, iyakar yabon da zan mata kenan, sai gadar Jebba in ka kai da sauran haske. Dajin Birnin Gwari ba wurin da zan ce mutum ya shiga da mata da yara ba ne, in kuma ka zaga ta Suleja da Bida zuwa Mokwa to kai da tireloli da tankokin mai ne cikin ramuka, ɗaya ta faɗi ta tare hanya sai ku wuni a wurin. Direbobin manyan motoci sun saba, kai ba ka saba ba.

Ba wai ta Lokoja aljanna ba ce, tsakanin Kaduna da Abuja da kuma dajin Okene duk an sha tare mutane, don haka magariba ta same ka a cikin gari, ko da mota na da lafiya. Takardun mota su cika saboda shingaye ba sa ƙirguwa.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka, ka kiyayi 'yan bunburutu, wasu kananzir suke haɗawa da fetur, tanki na kai rabi ka shiga gidan mai ka cika. Masu zuma a bakin titi da yawa sukari ne aka dafa aka jefa 'yar saƙa a sama don ka yarda. Manja ma ka sa a juye maka a wata jarka a gabanka ka ga ƙasan, doya kuma ka ɗaga ta ƙasan tulin ka duba da kanka, masu kyan suna sama ne. Ka riƙe safaya mai iska da fanbel guda a but. Allah ya kiyaye hanya, in kun sauka Sabo, unguwar Hausawa a Badun, ka leƙo group ka faɗa mana.